Wazirin Kunne da Wasan Ubale na Ƙarshe

Duk garin da Allah ya so da rahama yakan ba shi mutum ɗaya mai ji. Mu mutanen Tiga sai ya ba mu Malam Sha'aibu. Kunnuwan sauran jama'a na jin kiran salla ne da kukan awaki. Nasa kuwa na awon waƙa ne. Daga Bebeji har Doguwa babu makaɗin da ya isa ya ce ya iya sai Malam Sha'aibu ya karkata hula, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. In bai gyaɗa ba, to makaɗin nan gara ya koma gona. Haka dai shi ya gaya mana, mu kuma ba mu taɓa musa masa ba, don ba ya barin filin da za a yi musun.

Kafin ya yi ritaya, aikinsa gadin injin tura ruwa ne. Ya ce a gindin injin nan ya koyi bambance sauti mai lafiya da marar lafiya. Gaskiya ne injin ya tafi da kunnensa na hagu, abin da ya sa ko raɗa zai yi maka sai an ji a bakin kasuwa. Amma wannan ƙaramin abu ne a wurin gwani. Wata rana a majalisarmu ta gindin darbejiya muka naɗa shi Wazirin Kunne, muna dariya. Shi bai yi dariya ba. Kafin sati ya zagayo ya sa an rubuta masa sarautar a bayan babur, da jan fenti.

Ubale mai gurmi abokinmu ne, nawa musamman. Tare muka yi kiwon awaki a tsohon garinmu, wanda yanzu kifi ke yawo a kasuwarsa tun da dam ya cinye shi. Tare muka taso zuwa nan, tare muka yi furfura. Ya rasu farkon damina, kuma har yau in na wuce ƙofar gidansa sai na rage tafiya, kamar zai leƙo ya zage ni.

Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne a bikin ƙungiyar masunta, da la'asar, a bakin ruwa. A kujera ya yi shi, don ƙafa ta ƙi. Murya ma ta kusa ƙi. Mutane sun ɗaga wayoyi sun ɗauki hoto sun mayar aljihu. Mutum ɗaya ne tak ya naɗi wasan daga farko har ƙarshe, kuma kun san ko wane ne.

To, ga inda maganar take. Ubale ya waƙe masunta, ya waƙe direbobin Kiru, ya waƙe mahauta, har wani jakin mai kai yashi ya samu baiti biyu. Amma bai taɓa waƙe matarsa Uwani ba. Kunya irin ta mutanen da: ko sunanta ba ya kamawa, ita ma ba ta kama nasa, kuma ba ta taɓa taka wurin wasansa ba. Ranar nan sai ya yi mata baiti a gaban jama'a. Mata suka kai mata labari tun kafin ya iso gida. Ta tambaye shi me ya ce, ya ce abin da ya wuce ya wuce, ta ba shi ruwa. Bai daɗe ba ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba.

Da ta gama takaba, ƙanenta ya ce zai tafi da ita Doguwa ta zauna a wurinsa. Ba ta roƙi kowa komai ba sai abu ɗaya: tana so ta ji baitin nan da kunnenta kafin ta bar gidan.

Muka je wurin Waziri, ni da Garzali masunci. Ya saurare mu da kunnen dama, ya dafa aljihun da wayar take ciki kamar wanda aka ce ya ba da 'yarsa.

“Ku ba ku san abin da kuke roƙo ba,” in ji shi. “Wannan ba sauti ba ne, tarihi ne. Ɗanyen tarihi kuwa ba a miƙa wa mutum haka kawai ya je ya yi ta ji ba jagora. Sai na yi masa sharhi. A nuna wa Hajiya inda marigayi ya yi daidai, da inda tsufa ya rinjaye shi. Ni fa ko a gabansa ina gaya masa gaskiya. Shi ya sa yake tsorona.”

Ubale kan ɓuya a bayan rumbu in ya ji ƙarar babur ɗinsa, wannan gaskiya ne. Muka ce haka ne, ranka ya daɗe, yana tsoronka.

Ya yi ta ja mana rai, yau yana nazari, gobe caji ya ƙare, har sai da ya rage gobe a zo ɗaukar Uwani. Sannan ya iso gidan marigayi da hantsi, cikin shadda mai sitaci, da lasifikar aro ɗaure a bayan babur. Ya ce a kawo tebur. Aka ce babu sai na makarantar Islamiyya. Mu tsofaffi biyu muka ɗauko shi a ka, muna nishi, ya bi mu a baya yana nuna mana hanyar da muka fi shi sani. Ya ce a shimfiɗa wa teburin zane. Aka shimfiɗa. Uwani ta zauna a tabarma daga bakin ƙofar zaure ta ciki, ta rufe ƙafafunta da mayafi.

Aka kunna.

Abin da ya fara fitowa wani irin ƙara ne, kamar ana jan buhun taki a kan siminti. Waziri ya ɗaga yatsa.

“Kun ji iskar dam. Na bar ta da gangan, don a san a bakin ruwa aka yi.”

Ba iskar dam ba ce. Shaddarsa ce, don a aljihun gaba ya saka wayar. Can ƙarƙashin shaddar, nesa, kamar daga cikin rijiya, sai ga gurmin Ubale. Uwani ta sunkuyar da kai. Amma kafin murya ta biyo baya, wata muryar ta rufe ta, ƙatuwa, ta Waziri, tana gaida kansila, tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu.

Waziri ya tsayar da wayar. “A nan marigayi ya shiga da gaggawa. Da ya jira an gama gaishe-gaishe.”

Haka aka yi ta tafiya. A saki kaɗan, a tsayar, a yi sharhi. Nan murya ta yi ƙasa da yatsa biyu. Nan tsirkiya ta saki. Nan 'yan amshi sun riga shi. Waƙar masunta ta samu rabin maki. Ta direbobi ta samu cikakke, don a cikinta ne Ubale ya ce “sannunku 'yan gaba,” kuma Waziri na zaune a gaba.

Kada ku ɗauka shi kaɗai wayar ta kama. Ni da Garzali mun daɗe muna gaya wa mutane cewa ranar nan hawaye ya hana mu magana. To ga mu nan tangaran a cikin lasifika, muna musu kan wanda ya fi wani ciwon gwiwa. Garzali na cewa nasa har cikin ɓargo, ni ina rantsuwa nawa ba ya bari in yi sujada. Abokinmu na can yana zuba ragowar numfashinsa, mu muna gasar gwiwa. Muka kalli rufin zaure, kowa ya ga akwai azarar da ke bukatar gyara.

Sai gurmin ya yi sanyi. Muka ji Ubale yana magana, a hankali, yana haki: “Jama'a, ku ba ni hankalinku. Saura mutum ɗaya. Na waƙe kowa ban waƙe shi ba, kuma ya fi kowa cancanta.”

Uwani ta ɗago kai.

“Ni ne!” in ji muryar cikin waya, har lasifika ta yi tsuwwa. “Garzali, ni ne! Ai na san ba zai mutu da haƙƙina ba. Gyara min hula!”

Sai Ubale ya ɗauko: “'Yar mutan Doguwa...”

Abin da ya biyo baya ba mu ji ba. Mun dai ji Wazirin Kunne yana yi wa na kusa da shi bayanin yadda tsufa ke ɓata wa mawaƙi tsari, yadda ake barin manya a zaune a koma waƙar cikin gida. Ya kawo misali da makaɗan da, ya kawo misali da injin ruwa. Can baya muryar Ubale na tashi tana faɗuwa, kana jin yana faɗin wani abu, ba ka jin me yake faɗi. Uwani ta matso har gwiwarta ta shigo zaure. Ta karkata kai, ta rufe ido, tana neman mijinta a ƙarƙashin surutun wani. Ban taɓa ganin abin da ya ƙona min rai kamar wannan ba.

Wazirin da ke zaune a gabanmu kuwa yana gyaɗa wa Wazirin cikin waya kai. Sun yarda da juna ƙwarai.

Daga nan muka ji ya kira mai tallar soyayyen kifi, ya ce ta ba shi karfasa mai zafi, tunda dai an ɓata masa rai. Ya ci gaba da sharhi da cikakken baki. Yana tsakiyar cewa “mu da muka san waƙa,” sai maganar ta yanke ɗif.

Waziri ya kai hannu da sauri. “Nan na'ura ta ɗan samu matsala, bari in tsallake.”

“Bar shi,” in ji Uwani. Ita ce maganarta ta farko tun da aka zauna.

Shiru ya buɗe kamar an ɗaga labule. Ga gurmi, ga motsin ruwa, ga Ubale kamar yana zaune tare da mu a zauren, da tsohuwar muryarsa mai rawa:

“Ranar da ruwa ya kore mu, ke kika ɗauko turmi,
Ni ban ɗauko komai ba sai gurmi.
Turmi ya ci da gida, gurmi ya kwashe suna,
'Yar mutan Doguwa, ki yafe ni.”

Iyakar abin ke nan. Bayansa sai kakarin amai, da tari, da muryar Garzali yana dukan bayan mutum yana cewa, “Ƙaya ce! Ku kawo burodi! Haɗiye, Waziri, haɗiye!”

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Garzali ya sha wuya. Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta motsi. Can ta ce, ba da mu take ba, “Na yafe, Malam. Ai da ka faɗa a gida.”

Ni ma a nan na rasa inda zan sa idona.

Da ta natsu sai ta ce a sake mayar mata. Aka mayar. Ta ce a ƙara. Sannan ta dubi mai wayar.

“Malam Sha'aibu, Allah ya saka da alheri. A kai wa masu tura waƙa na kasuwa su yanko min wannan wurin in tafi da shi. Daga inda ƙayar ta kama ka zuwa inda ta sake ka.”

“Hajiya, ai ba a raba sauti da sharhinsa. Ga gabatarwa, ga bayanin tsari, ga...”

“Sauran ai naka ne,” in ji ta. “Ka riƙe abinka.”

Washegari ta tafi Doguwa da ɗan guntun sautin a wayarta, ɗaure a gefen zane. Ƙanenta ya ce kullum bayan sallar asuba sai ta saurara sau ɗaya, ta mayar ta ɗaure.

Waziri kuwa bai rage komai ba, sai ma ƙaruwa. Yanzu a majalisa yana koya wa mutane cewa babban gwani shi ne wanda ya san inda ake yin shiru, kuma shi da gangan ya ja bakinsa a daidai baitin nan don tarihi ya samu hanya. Yakan ɗauki daga la'asar har magariba yana bayanin wannan shirun. Mu kuma muna cewa haka ne, ranka ya daɗe, don mu muka naɗa shi, ba mu da bakin kuka.

Allah ya jiƙan Ubale, ya sa ya huta. Abin da dai muka koya shi ne, duk taron da aka ce Wazirin Kunne zai yi jawabi, tun kafin ya miƙe sai mu aika a sayo masa karfasa mai zafi, babba, mu ajiye a gabansa. Shi yana ɗauka girmamawa ce.