Shuɗin Fentin Baba Ɗanlahadi

"Lahiya lau muka wuni, amarya, sai dai yunwa. Mata ta tahi kasuwa tun hantsi, ta bar miji yana hamma."

"Wane miji? Ni tsohon tulu na bari a zaure, ga shi na iske shi inda na aje shi."

Suwaibatu ta tuɓe takalmi ta zauna a bakin tabarma. Malamar firamare ce a Faskari, ranar kasuwar Yankara kuwa ba ta fashin zuwa duba kakanta, Baba Ɗanlahadi. A zamanin ƙarfinsa shi ke yi wa gingimari zane a Funtuwa, zaki da ɗawisu da rubutu mai lanƙwasa. Da ya dawo gida Yankara ya zauna, sai ya koma ƙera ƙananan jiragen sama da katako marar nauyi da karan dawa da gwangwanin madara. Yakan sa hoto a gaba ya yi ta awo, har fiffike ya dace da gangar jiki kamar na gaske, sannan ya yi fenti ya rataye a azarar zaure. Ba ya sayarwa, ba ya kuma bari yara su taɓa.

Yau wani sabo ne a cinyarsa, mai farfela biyu, an goge shi sumul, fenti kawai yake jira.

"Ina saƙona? Ko kin saye awara da shi?"

"Ga shi. Mai shagon ya ce in gaishe da matuƙin jirgin da ko jaki bai iya hawa ba."

"Ki ce mashi ni na koya ma shaho tashi. Lokacin da nike yawo a sama, kakarki tana ƙasa tana ɗaga mani hannu."

"Kaka ta ce daga kan rumbu ka faɗo."

"Sauka ce. Ba ta san aikin jirgi ba."

Ta miƙa masa ɗan gwangwanin fenti. Shuɗi ya aike ta, ta kuma sayo, amma yana cikin jakarta. Wanda ta ba shi kore ne shar. Ta daɗe tana lura da yadda ganinsa ke raguwa. Jirgin da ya gama kwanan baya layinsa ya karkace, fiffike ɗaya launinsa daban da ɗayan. Kasuwa ma ya daina shiga, wai gwiwa. Mutumin da a da yake hango kuskuren launi a jikin mota tana gudu.

Ya ɓalle murfin da wuƙa, ya kai gwangwanin kusa da fuska, ya juya shi wajen hasken ƙofa.

"Madalla. Wanga shi ne shuɗi, kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Ashe kina da amfani."

Suwaibatu ta sunkuyar da kai. Ta so a ce ya zage ta.

"Mi ya faru? Bakin ya mutu? Yau na kada ki ke nan."

"Angona, in ka shafa wanga, jirginka a gonar dawa zai sauka, ba mai ganin shi sai an yi girbi."

"Kamar yaya?"

"Kore ne."

Tsohon bai ɗago ba. Ya mayar da murfin a hankali, ya danna da babban yatsa.

"Na sani. Gwada ki nike, in ga ko za ki faɗi gaskiya."

"To wane launi ne mayahina?"

"Launin rowa. Tun da na aure ki ba ki taɓa sayo mani ko tsire ba."

"Baba."

Rabon da ta kira shi haka har ta manta. Ya ajiye gwangwanin, ya shafa bayan jirgin kamar mai lallashin jinjiri.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi," in ji shi.

"Gaskiya ne. Amma babban nan ko rimin ba ya gani yanzu."

Dariya ta kusa kuɓuce masa, ya danne.

"Yanar ido ce," ya ce can. "Kamar an shafa mani koko a ido. Hannu ya san hanya, shi ya sa nike ƙira. Launi kuwa ba a lalubo shi. Ban faɗa ma kowa ba, don in uwarki ta ji, ƙwace wuƙar za ta yi, ta ce in zauna in ja carbi. Carbin ina ja. Amma in aka raba ni da waɗannan, mi zan tashi in yi da sahe?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai likitan ido a Funtuwa, cire ta suke. Shugabar makarantarmu an yi ma mahaifinta, yanzu shi ke zura ma matarshi zare a allura."

"Abokina Gide ma an yi mashi. Yanzu da sanda ake jan shi zuwa masallaci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa."

"Baba Gide ai wani mai yawo da tsinke ya kai ma idonshi, a bayan kasuwa, kan buhu. Da bakinka ka hana shi, bai ji ba."

"Duk wuƙa wuƙa ce."

"Ashe? To ba ni taka in gyara maka farfela."

"Ki taɓa ki gani. Hannunki ko tuwo ya tuƙa sai ya yi gudaji."

"Ka ga ni. Wuƙa ɗaya, hannu daban."

Ya yi tsaki, irin na wanda aka kama. Ya ɗaga kai yana duban azara, inda jiragen ke juyawa a hankali. Suwaibatu ta san inuwarsu kawai yake gani.

"In aka yi aka ɓata fa? Yanzu ko ba komai ina ganin hasken ƙofa, ina gane tahiyarki, kamar ta agwagwa."

"In ba a yi ba, ƙofar ma tahiya za ta yi. Ba na ce maka babu tsoro ba. Ni ma ina ji. Amma tare za mu, ina riƙe da hannunka har a hito."

"Ki riƙe ni a gaban mutane? A ce na tsufa?"

"A ce ka yi dacen mata."

Ta ciro shuɗin daga jaka, ta kaɗa shi kusa da kunnensa ya ji motsin fentin, ta mayar.

"Wanga yana wurina. Ranar da ka iya bambanta shi da koren, ranar za ka same shi."

"Fashi da rana tsaka, a cikin zaurena."

"Gado na yi."

Ya daɗe yana juya jirgin a hannu. Sannan ya laluba gefen tabarma ya jawo wani tsohon ƙyalle, ya naɗe shi da kyau, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Haɗa da wanga ki aje. In ya zauna nan, zan shafa mashi abin da na samu, in ɓata shi. Ki faɗa ma uwarki ta nemo mota. Amma ki sani, in aka buɗe mani ido, ke zan fara dubawa. In na iske ke mummuna ce, a bakin asibitin zan sake ki."

"To ka tahi da guzurin haƙuri, tsoho, don ranar za ka ga madubi."

Dariyar da ya daɗe yana dannewa ta ƙwace, har da tari, yana share ido da bakin riga.

"Kin ci, ja'ira. Tashi ki kawo mani hura, tun ina ganinki da kyau."