Yadda Za Ka Zana Ɗan Kokawa a Sama, Ka Tona Asirin Mijin Yayarka

Kai da ka daɗe kana zana kaji da aladu a bangon masu abinci, amma da an ce ka zana mutum sai ka fito da buhun masara mai kunnuwa, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za ka zana ɗan Adam yana tsalle har mai wucewa ya kauce don kada ya faɗo masa. Hanya ce tabbatacciya. Da ita Anselmo, mai zanen bango na unguwarmu ta Iztapalapa, ya ƙware, kuma har yau da ransa.

Mataki na ɗaya: Karɓi aikin da ya fi ƙarfinka

Kada ka tsaya sai ka iya. Mai jiran ya iya, tsufa zai riske shi da buroshi a bushe.

Ranar da Don Fulgencio, mai gidan kokawar unguwa, ya ce yana son a zana masa gwarzon ɗan kokawarsa mai rufe fuska, Kunkurun Tagulla, a bangon waje, yana dirowa daga kan igiyar dandali, kafin babban karon Lahadi, Anselmo bai bari ya rufe baki ba.

"An gama, Don Fulgencio."

"A'a, tsaya mana. Makaɗan nan da ka zana wa mai aski, har yau yara dankali mai gashin baki suke kiran su."

"Ai bangon ne ba shi da kyau."

Haddace wannan amsar, za ta yi maka amfani.

Mataki na biyu: Rabu da littafin likita, tafi wurin mahauci

Littattafan likitoci cike suke da hoton mutum an feɗe shi. Ga tsada, ga hana cin abinci. Nama dai nama ne.

Anselmo ya yi wa teburin Chema mahauci tsinke, ya ɗauki cinyar alade yana lanƙwasawa yana miƙewa, yana leƙen yadda jijiya ke jan tsoka, ƙuda na yi masa rakiya.

"Kai Anselmo, saye za ka yi, ko aurenta kake nema?" in ji Chema.

"Karatu nake."

"To ka yi karatunka da ido, masu saye na kallo."

Ya koma gida ya gwada a kwali. Ɗan kokawa ya fito da ƙirjin mutum da ƙafafun da suka dace da tukunya. Ba a yi asara ba, ya dai gane cewa tsoka ba ta kumbura don ado, sai an ja ta.

Mataki na uku: Zura wa mutane ido

Tsaya a bakin kasuwa ka kalli 'yan dako. Dubi yadda mutum ke jibge nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugu ya karkace, kafaɗa ta bi ɗaya gefen don kada ya kife. Nan asirin yake.

Sai dai ka zaɓi ƙugun da za ka kalla. Anselmo ya shagala da na wata mai sayar da tamal, wato alalar masara, tana ɗaga tukunya, har yana aunawa da babban yatsa, ido ɗaya a rufe. Da ludayi ta sallame shi. Masu hikima sun ce ilimin da bai bar ƙulu a goshi ba, ba ya zama.

Mataki na huɗu: Nemi wanda ba zai iya ce maka a'a ba

Yanzu kana buƙatar mai rai, wanda zai tuɓe riga ya yi ta tsalle kyauta. Duba cikin dangi, wanda ka riƙe wa asiri.

Kunkurun Tagulla dai ba kowa ba ne, Nicanor ne, direban bas, mijin Eulalia yayar Anselmo. A duk unguwar, Anselmo kaɗai ya sani. Ka san dokar: ɗan kokawar da aka ga fuskarsa ya mutu, ko da yana yawo. Ba a taɓa cire wa Kunkuru hular da ke rufe masa fuska a dandali ba, da wannan yake taƙama. Babbar matsalar kuwa tana gida. Tun da ya karya kafaɗa a wani karo, Eulalia ta durƙusar da shi gaban hoton Budurwa Maryamu, ya rantse ya daina. Kowace Lahadi sai ya ce mata ya tafi koyon waƙar coci a wata unguwa, mutumin da in ya buɗe baki karnuka ke amsawa.

Suka hau rufin gidan Anselmo. Aka shimfiɗa tsohuwar katifa, Nicanor ya hau tankin ruwa da tumbinsa.

"Sau nawa zan diro, ɗan nema?"

"Sai na gani. Kana sauri da yawa, tsaya a sama kaɗan."

"In tsaya a sama? Uwar wa ta taɓa tsayawa a sama?"

"Shi ke nan, bari in je in tambayi Yaya ko ta san wani mai waƙar coci da zai taimaka."

Nicanor ya sake hawa yana ƙunƙuni. Ya diro, ya hau, ya diro, har tattabarun maƙwabta suka ƙaura. Da ya kwanta yana haki, sai ya kama wuyan hannun Anselmo, wasa ya fita daga muryarsa.

"Ƙanina, hular za ka zana, ba ni ba. Duk mako zagin fasinja nake sha. Ranar Lahadi kaɗai yara ke kiran sunana. Kada ka kashe ni."

"Haba, wa zai gane mutum ba fuska?" in ji Anselmo.

Mataki na biyar: Zana abin da ka gani, ba abin da kake zato ba

Wannan ne matakin gaskiya, shi ya sa yake da haɗari. Fara da ƙashin baya, layi ɗaya mai lanƙwasa. Rataya haƙarƙari da ƙugu a kansa, sannan ka sa nama.

Anselmo ya hau tsani, abin ya zo masa kamar an buɗe famfo. Hannunsa ya daina neman shawararsa. Ya zana kafaɗar hagu a ɗan sauke, da tudun da ƙashi ya bari inda ya ɗoru a karkace. Ya zana gwiwar da ke leƙa waje, da ƙaramin yatsan da ke miƙewa shi kaɗai in Nicanor ya tashi sama, kamar mai shan shayi a gidan manya. Chema ya zo wucewa, ya ɗaga kai, ya ja da baya har ya taka kare. Daɗi ya kusa jefo Anselmo daga tsani.

Mataki na shida: Gayyaci dangi su yaba

Me ye amfanin gwaninta in 'yan gida ba su gani ba? Anselmo da ƙafarsa ya je ya jawo yayarsa ranar Asabar, don ta daina cewa sana'arsa ɓata bangon mutane ce.

Eulalia ta tsaya da kwandon cefane a hannu. Ba ta ko kalli hular ba. Ta ƙura wa kafaɗar ido, har murmushin Anselmo ya fara yi masa nauyi.

"Ka iya zane, ƙanina."

"Na gode, Yaya."

"Kafaɗar nan ni na yi ta gasa ta da ruwan zafi. Ni na riƙa ba shi abinci a baki, ina kuka a bayan gida don kada ya ji. Na zaci zan zama gwauruwa da yara ƙanana." Ta juyo ta dube shi. "Kai kuma ka sani, kana zuwa kana cin abincina."

"Yaya, ai bangon ne..."

"Rufe mini baki."

Kunya ta kama Anselmo, tausayinta ya kama shi. Amma tun da na ce gaskiya zan koya maka, can ƙasan zuciyarsa wani abu na rawa, don bai taɓa zana mutum an gane shi ba sai yau.

Mataki na bakwai: Kada ka bi ta layinsu ranar Lahadi

Eulalia ba ta yi faɗa ba. Ta dafa wa mijinta abincin da ya fi so, ta tambaye shi wace waƙa za su yi gobe. Da safe ta zaro hular daga ƙarƙashin kujerar bas, ta wanke ta tas da sabulu, ta shanya ta a igiyar ƙofar gida, ta bakin titi, tsakanin gajerun wandunansa biyu, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga coci.

Yaran layi suka taru suka yi cirko-cirko. Nicanor ya fito da kofin kofi a hannu, ƙaramin cikinsu ya dubi hular, ya dubi tumbin, ya ce, "Kawu Nicanor, kai ne Kunkuru? Kai da ka hana ni shiga bas da kare?" Yaron ya fashe da kuka.

Ƙattin da suka yi shekaru suna neman cire wa Kunkurun Tagulla hula sun kasa, mace ɗaya ta gama aikin da maƙalen shanya guda biyu. Da yamma ba wanda ya diro daga kan igiya sai na jikin bango.

Sanarwa

Mai wannan darasi zane ya ce zai koya maka, kuma ya koya. Ba ruwansa da ludayi, ko auren da ya girgiza, ko mijin yaya da ya daina tsaya maka da bas ko da ana ruwan sama. In ka ga abin zai yi tsada, koma kan kajinka. Ba a taɓa jin matar zakara ta gane shi a bango ba.