Dakta Ja'afar a Tsohuwar Cocin Kibɗawa

Kaf unguwar Darrasa ta Alƙahira babu mai ilimin Ja'afar, kuma shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Shekara goma sha ɗaya yana jami'a, don babban kogi ba ya gudu. Digiri bai iso ba tukuna, amma sunan Dakta ya daɗe da sauka. Ɗalibai kuwa, da ya ba da baya, Gagara-Gyara suke ce masa.

Da Madam Eman, mai kamfanin yawon buɗe ido, ta ce tana neman ɗan jagora mai jin Hausa, Dakta ya tausaya mata ya miƙa kansa. Ta ce sai ta gwada shi. Aka cika mota da ɗalibai, aka nufi wani ƙauye a bayan Alƙahira inda Kibɗawa, Kiristocin Masar, suke da tsohuwar coci.

A farfajiya mai gadi Ammu Ishaq ya taso zai nuna hanya. Dakta ya dakatar da shi da tafin hannu. Yaushe aka fara nuna wa kifi ruwa? Ya hango wani ɗaki mai ƙubba, ya ja ayari ciki.

"Ku dubi ginin nan," in ji shi. "Aikin Rumawa ne, ƙarni na huɗu. Baƙin bangon nan hayaƙin turare ne na shekara dubu da ɗari shida."

Ya shinshina bango, ya lumshe ido. Wani dogon katako mai faɗin baki ya zama sandar babban limami. Farin garin da ke ƙasa ya zama ƙurar tarihi. Wata ɗaliba, Murja, tana fassara wa Madam, Madam tana rubutu.

Sai ga wani rami a bango. Nan, in ji Dakta, masu ibada suke ɓuya idan azzalumin sarki ya aiko a kama su. Murja ta tambayi abin da ya sa maɓoyar take da ɗumi. Ya ce tambayar 'yan aji ɗaya ce, ya zura kai har kafaɗa don ya nuna yadda ake yi.

Ammu Ishaq ya yi gyaran murya.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Dakta. Nan muke gasa gurasar ibada. Ni da ƙanena muka gina shi bayan girgizar ƙasa ta casa'in da biyu. Cocin tana baya. A fito da kai, ƙullin gurasa ya tashi."

Cocin kuwa tana nan inda ya ce: ƙofa gajera wadda sai an sunkuya, ƙubba goma sha biyu, shingen katako mai adon hauren giwa, ƙwan jimina na lilo daga rufi. Dakta ya shigo a ƙarshe, toka har gemu, ya sanar cewa dama jarrabawa yake yi musu.

Madam Eman ta rufe littafinta.

"Tamam, shi ke nan," ta ce. "Kowa ya ci, sai mai jarrabawar."