Tumbin Lurwanu Ya Tsinke Turke

Lurwanu Mai Ƙarfe, in ba ka san fuskarsa ba, to ka san bakinsa. A gidan ɗaga ƙarfe na Oga Haladu yake motsa jiki, inda ake cika gwangwanin fenti da siminti a ɗaga. Shi dai bakinsa ya fi damtsensa aiki.

Oga Haladu kan ce ginin jiki zango biyu ne. Da farko ka ci ka ƙoshi kana ɗaga ƙarfe, jiki ya tara nama. Sannan ka rage ci, ka ƙona kitse, tsoka ta fito sarari. Lurwanu ya ji zangon farko da kunne biyu, na biyun kuwa ya bi ta bayan kunnensa. Taliya da wake, tuwo malmala uku, ya kora da fura. In aka taɓa tumbinsa sai ya ce, "Ku ba ku san ilimin abin ba. Tarawa nake yi."

"Haba Lurwanu, ko rumbu ai yana cika!"

"Ranar da na fara ragewa, wallahi sai kun wasa wuƙa a kan cikin nan."

Kwatsam sai Oga Haladu ya ce zai yi sabon allo a ƙofa, kuma hoton wanda jikinsa ya fi fitowa za a manna. Lurwanu ya bugi ƙirji. "In hoton wani ya hau allon nan, ku canja mini suna!"

Ya shiga ragewa. A gaban mutane gurji da ruwa. Amma in ya biyo ta wajen mai tsire, ƙafafunsa ba sa jin magana. Ranar hoto ta zo, tumbi ko gezau.

Gogan naka sai ya samo tsohon tub, robar cikin tayar babur, ya yayyanka, ya shiga ɗaki ya naɗe cikinsa tam. Kitsen ya rasa wurin zuwa, ya haura ƙirji. Ya ɗora matsattsiyar riga, ya fito yana tafiya kamar wanda ya haɗiye taɓarya.

Jama'a suka saki baki. "Kai! Lurwanu, yaya ka yi?"

"Haƙuri... da... gurji," in ji shi, don numfashin ma da ƙyar yake fita.

Mai hoto ya saita, Lurwanu ya ƙame yana murɗa damtse, ransa fari tas, har ya hango kansa a allo. Sai aka ji sallama. Malam Ɗanlami ne, surukinsa, uban matarsa, ya ga taro ya ratso.

Lurwanu ya tuna ɗaurin da ke cikinsa. Ya ɗan sunkuyar da kai daga tsaye. "Baba, ina wuni?"

Gaida suruki a tsaye? Ina aka taɓa yi! Oga Haladu ya zungure shi. "Kai, Baba ne fa!"

Ba yadda zai yi. Ya fara durƙusawa a hankali, roba tana ƙiii, idanunsa sun firfito. Tsohon kuwa ba ya gaggawar gaisuwa.

"Ina gajiya?"

"Ba... gajiya."

"Yaya iyali? Yaya maƙwabta? Yaya muka ji da zafi?"

"Zafi... Baba... da go..."

FAS!

Kaji suka watse. Mai hoto ya kwanta ƙasa yana salati, ya zaci tayar mota ce. Riga ta dare, tumbi ya sauko tim a kan gwiwoyi yana rawa. Wani ya faɗi don dariya, wani yana cewa a kira mai faci. Oga Haladu ya share hawaye, ya ce wa mai hoto ya tashi ya ɗauki hoton wani daban. Lurwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Malam Ɗanlami ya cire guntun roba daga kan hularsa, ya juya shi, ya dubi surukin nasa.

"Ɗiyata ta ce mini kana ta rage tumbi, har ina sa maka albarka. Ashe turke shi ka yi. To ga shi ya tsinke, sai ka tashi ka kora abinka gida."