Bindigar Harbin Fakara

Wani ne a can wajen Madadi, matarsa Sabuwa tana da ciki, sai kwaɗayi ya taso mata. Ba kaza, ba zabo, ita dai fakara. Ta ce in ba ta ci ba, yaron da dalalar yawu zai fito, kuma duk gari za a san laifin ubansa ne.

Gogan naka ya bugi ƙirji: "Fakara kawai? Ɗora tukunya!" Alhali ko danƙo bai taɓa harbawa ba.

Ya hau babur sai Kabo, wurin Malam Hambali maƙeri. Hambali ya miƙo masa wata siririyar bindiga. "Ga ta tsuntsu. Ba nauyi, ba ta dukan kafaɗa."

Ya leƙa bakinta, ya yi tsaki. "Haba Malam! Wannan bindiga ce ko sarewa? Ko ɗan yatsana bai shiga ba."

Sai ya hango wata jingine a lungu, da bututun burtsatse aka ƙera ta, bakinta zai haɗiye goruba. "Waccan fa?"

"Rabu da waccan. Wani maharbi ya sa na yi masa don kura. Sau ɗaya ya gwada, aka dawo min da su a amalanke, shi da ita."

"Ita nake so. Mai babban baki ba ta kuskure."

"To, albarushi cikin murfin kwalba kacal, ka ji?"

"Na ji."

Yana isa gida ya ɗura mata cikin gwangwanin tumatir, ya bi da boris ɗin keke da tsoffin ƙusoshi. Ko ni, da duk yankin nan aka san saitina, ba na yi wa bindiga irin wannan ɗura.

Da safe ya shiga gonar gyaɗa. Ga fakara tana tono abinta. Ya durƙusa, ya rufe ido biyu, ya ja kunama. Daram! Jakai har can garin Mainika sai da suka tsinke igiya. Da hayaƙi ya washe, takalmansa na nan inda ya durƙusa, shi kuwa yana can gonar maƙwabci a cikin ƙaya. Fakara ta koma kunya ta gaba, ta ci gaba da tono.

Ya zauna yana zare ƙaya, yana duban tazarar da ya sha. Ya ce, "Oho! Ashe ta baya take harbi."

A gida Sabuwa ta tare shi: "Malam, ruwa fa har ya ƙone. Ina fakarar?"

"Yau gwaji ne. Na gano kanta. Gobe ki daka yaji."

Washegari ya ninka albarushin. Da ya hango fakara sai ya juya mata baya, ya ɗaga bakin bindiga sama, yana waiwaye yana gyara ƙugu. Wani dattijo mai noma a kusa ya kwaɗa masa kira: "Kai yaro, tsuntsuwar tana bayanka!"

"Baba yi shiru, saiti nake!"

Daram! Dattijon ya rantse ya ga mutum ya wuce ta samansa yana salati. Gogan ya dira tim a kan kunya. Fakara ta ɗan gusa, ta dube shi, ta yi tafiyarta a ƙafa.

A gidan mai ɗori a Gwarzo Malam Hambali ya same shi, an naɗe shi da karare tun daga kafaɗa har ƙugu, Sabuwa na gefe ta haɗe rai.

"Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ga siririyar nan na kawo maka, mu yi musanya."

Gogan ya ɗago kai da ƙyar. "Wannan 'yar abar ce za ta iya ɗaga ni? Malam, ƙara wa tawa faɗi dai, kaɗan ya rage in faɗa a kanta!"