Mun Kai Hancin Mai Girma

Ranar Talata da hantsi, ni da maƙwabciyarmu Taifis mun kai har hancin Mai Girma, sai ƙanwar matata ta bugo waya don ta ji ko mun gama. Nan take hancin ya tsaya cak, ya yi fari, ya ɓace. Muka koma hula. Minti arba'in suka tafi a banza, ni kuwa shekaruna ba su bar mini mintocin da zan riƙa kyauta da su ba.

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ce tsohon nan ya fara ruɗewa.

Uwar 'ya'yana, yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, shekara uku ke nan. Da farko zare ne ya daina shiga allura, daga baya fuskoki suka zama hayaƙi. Yanzu da tari take gane ni. Sau ɗaya a shekara likitocin ido kan zo babban asibiti su yi wa mutum ɗari biyu aiki kyauta. A da, sammako ake yi a bi layi a karɓi kati. Wahala ce, amma wahala ce mai fuska: kana ganin na gabanka, kana iya yi masa tsawa in ya shigo da ɗan'uwansa. Bana sai Hukumar Sauƙaƙa wa Talaka Al'amura ta tausaya mana, Allah ya saka mata. Ta ce an soke layi. Kowa ya zauna a ɗakinsa ya yi rajista ta intanet, a rufe ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana. Wanda bai shiga ba, sai baɗi.

Na gwada a wayata. Shafin ya ce shi ba ya buɗuwa a waya, sai a kwamfuta. Na girmama shi da wannan magana, don na san manya ba ko'ina suke zama ba.

A layinmu mutum ɗaya ke da kwamfuta, ita ce Taifis. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis, yanzu tana buga wa mutane wasiƙu a ɗakinta. Kwamfutar ba intanet a cikinta, sai ta ɗauko kebul ta haɗa ta da wayata. Ta ce, "Baba Masinja, wayarka ce famfo, kwamfutata bokiti." Abin ya burge ni ƙwarai. Na ɗauki kebul ɗin na kara a kunne ko zan ji wucewar abin. Ban ji komai ba. Daga baya na gane ba laifin kunnena ba ne.

Ga yadda ɗakin yake. Sabis ba ya shiga sai ta taga, can sama ta hannun hagu, sanda biyu, wani lokaci ɗaya da rabi. Batirin kwamfutar ya rasu tun bara, saboda haka ba ta rabuwa da soket, soket kuwa yana bakin ƙofa. Kebul ɗin tsawonsa kamu biyu. Sai muka jawo tebur tsakiyar ɗaki, Taifis ta zauna, ni kuma na tsaya na miƙa hannu sama da waya wajen taga, kamar mai tsayar da motar haya da ba ta da niyyar zuwa.

Shafin ya buɗe da hoton Mai Girma Shugaban Hukumar, Uban Sauri, Mai Hana Talaka Tsayuwa a Rana, ransa ya daɗe. Hoto ne babba, wanda ya cika allon ya yi saura. Ba ya fitowa gaba ɗaya. Daga sama yake saukowa, layi bayan layi, yadda ruwan rufi ke cika kwano. Fom ɗin da muke nema yana ƙarƙashinsa, kuma ba ya leƙowa sai Mai Girma ya gama sauka.

Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta abubuwan al'ajabi a ciki, irin su ranar da na ga ƙadangare mai wutsiya biyu da yawan matakalar tsohon ofishinmu. A ciki na rubuta awon. Hula, minti goma sha biyu. Goshi, minti tara, don Allah ya yi masa goshi mai faɗi. Gira da ido, minti goma sha ɗaya. Hanci, takwas. Abin da ke ƙasa da hanci ban sani ba, domin duk lokacin da waya ta yi ƙara, ko gajimare ya gifta, ko hannuna ya gaji ya sauko da taƙi ɗaya, sai a koma hula.

Hular nan kuwa na san ta fiye da tawa. Akwai zare guda da ya zame a gefen dama.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida yana wannan fama, har awon ya shiga bakin mutane. Mai askin da shagonsa ke kallon gidan Taifis yakan leƙo ta taga, almakashi a hannu.

"Baba, yau ina aka kai?"

"Gira."

"Kai, kun yi baya. Wani da na yi wa aski ɗazu ya ce su sun ga kunne."

"Kunne ai gefe ne, ba ci gaba ba ne."

"To don Allah in kun kai ƙasa ka duba mini ko yana da gashin baki. Ina so in san irin gyaran da manya ke yi yanzu."

Kada ku ce ina ƙorafi. Ni shaida ne cewa Mai Girma ya cika alƙawari. Bara ya zo da motoci goma sha bakwai, na ƙirga, ya yanke zare a gindin dogon ƙarfen sabis ɗin nan da ke ƙarshen layinmu. Ina can baya, bayan masu laima, ban ga fuskarsa ba, amma na ji lasifika ta ce daga yau intanet zai fi ƙiftawar ido sauri. Kuma a ranar haka aka yi. Sun zo da wata mota mai faranti a ka, kowa ya duba wayarsa ya ga sanda biyar cif. Da suka tashi tafiya, motar ta bi su, sandunan suka bi motar. Ƙarfen dai yana nan. Wasu tsuntsaye masu dogon wuya sun yi sheƙa a kansa, har sun ƙyanƙyashe sau biyu. Wanda ya ce aikin bai amfani kowa ba bai ɗaga kai sama ba ne.

Ranar Laraba haƙurina ya ƙare, na fito da kekena. Ni aji huɗu na tsaya a makaranta, amma shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja. Kafin a haifi waɗannan wayoyin, ni ne intanet. A ba ni fayil ƙarfe tara, tara da rabi yana kan teburin mai shi, kuma ba a taɓa bugo waya na koma baya na faro daga farko ba. Taifis ta buga mini sunan uwargida da shekarunta a takarda, na naɗe na sa a aljihu. Daga ƙofarmu zuwa ofishin Hukumar minti goma sha takwas. Wato hula da fiye da rabin goshi.

Akawun da na tarar mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni.

"Baba, ba ma karɓar takarda yanzu. An ci gaba."

"To ɗana, ga kwamfuta nan gabanka. Shigar mini da ita."

Sai ya juyo mini da allon. Hula ce da goshi. Na bi kebul da ido, sai ga wayarsa a rataye jikin ƙarfen taga da igiyar takalmi.

"Intanet na ofis fa?"

"Yana hawa na sama. Mu tun safe muke goshi."

Na ce to bari ko a bango in ga fuskar, in huta da zulumi. Na duba inda ake rataye hoton shugaba, sai ƙusa kawai. Akawu ya ce an kai shi a ƙara masa girma.

Alhamis ta zo. Ƙarfe goma muka fara. Na roƙi ƙanwar matata da girman Allah kada ta kira, ta ce dama ni ne ba na son a ji lafiyar yayarta. Uwargida ta ce yau da ita za a yi. Ta ɗaura zanenta na fita unguwa, na riƙo hannunta muka tsallaka, ta zauna a bakin gadon Taifis ta haɗa hannu a cinya kamar likitan yana cikin kwamfutar yana kallonta. Sau ɗaya muka faɗi a gira. Muka sake. Sha ɗaya da minti ashirin muka wuce hanci. Jama'a, na ga wata inuwa a ƙarƙashinsa, ƙasar da ba wanda ya taɓa takawa a layinmu. Hannuna ya gaji, amma ban sauke ba.

Sai waya ta yi ƙara.

Ba ƙanwar ba ce. Murya ce da aka naɗa, mai daɗi, ta mace. Ta ce Mai Girma Shugaban Hukumar, saboda ƙaunarsa ga talakawa, yana tunatar da mu cewa za a rufe rajista da ƙarfe goma sha biyu, mu hanzarta.

Muka koma hula. Saura minti talatin da biyar, hanci kaɗai kuwa arba'in yake ci. Taifis ta cire tabarau ta ajiye. Ni na kasa duban inda uwargida take, don na san baɗi a wurin mai shekara saba'in ba alƙawari ba ne.

"Wai me kuke jira ne tun Litinin?" in ji uwargida.

"Hoto."

"Nawa?"

"Na Mai Girma."

"Shi ma idon ne ke damunsa?"

"A'a, hotonsa ne a sama. Sai ya gama sauka fom zai fito."

"To ni da ba na gani, wa za a nuna wa? Ku ce wa abin ya tsallake shi."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin yadda ilimin zamani yake, sai na ga Taifis ta sunkuyar da kai tana murza kebul.

"Akwai wurin da ake dannawa," ta ce a hankali. "Sai ya daina ɗauko hotuna, ya kawo rubutu kawai."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Litinin." Ta dube ni. "Baba Masinja, kai ma ofis ne ya raine ka. Ka taɓa wuce ƙofar shugaba da fayil ba ka tsaya ka gaishe shi ba?"

Gaskiya ban taɓa ba. Ko ba ya ciki nakan rage sauri in taɓa hula. Kuma in faɗa muku abin da ke raina, na ji tsoro kada na'urar ta rubuta cewa gida kaza sun tsallake Mai Girma, a cire sunanmu daga wani abin da ba mu ma san muna ciki ba.

"Danna, 'yar'uwa," in ji uwargida. "In sun zo kamu, ku ce makauniya ce ta sa ku. Ni ban ga kowa ba balle in raina shi."

Taifis ta yi bisimilla ta danna. Inda Mai Girma yake sai ga farin fili da ɗan tabo a kusurwa. Kafin in gyara tsayuwa fom ya fito gaba ɗaya, tambaya biyar kacal. Suna, shekaru, unguwa, wane ido, lambar waya. Yatsun Taifis suka tuna ƙuruciya. Sha ɗaya da minti talatin da ɗaya allon ya ce an karɓa, lamba ta ɗari da tamanin da bakwai. Na sauke hannuna, ya ƙi saukowa sosai, har yanzu in na yi tafiya masu motar haya na tsayawa.

Uwargida ba ta yi guɗa ba. Ta ce in maimaita mata lambar, na maimaita, ta sake cewa in maimaita. Mai aski kuwa ya bar mutum da rabin kai ya bi layi gida-gida yana faɗin wurin da ake dannawa.

Ni fa ban ce a cire Mai Girma daga ko'ina ba, Allah ya tsare bakina. Abin da na gani kawai na rubuta a littafina, ƙarƙashin ƙadangare mai wutsiya biyu: da Mai Girma, kwana huɗu. Ba Mai Girma, minti shida. Aji huɗu na tsaya, masu digiri su ƙarasa lissafin.

A hanyar gida uwargida ta ce in an buɗe mata ido, abu biyu take so ta fara gani. Na gyara wuyan riga. Ta ce na farko allurarta, na biyu fuskar mutumin nan da ya tsayar da mijinta kwana huɗu da hannu a sama. Na ce allura tana nan cikin gwangwani. Fuska kuwa zan iya ba ta labari tun daga hula har hanci, da zaren da ya zame. Amma bakin da ya yi mana alƙawarin nan, ranki ya daɗe, har yau bai sauko ba.