Ranar da Waƙata Ta Tara 'Yan Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rakiya 'yar kawuna ba, kuma ko na so in manta, mutanen wani ƙauye da ke gefen Takanamat ba za su bar ni ba.

Mu uku ne a fadarmu ta shan shayi a Tawa muke ɗaukar kanmu mawaƙa. Sallau rap yake yi. A tasha ya tashi yana kiran fasinja, shi ya sa bakinsa ba shi da birki, kuma baitocinsa duk tsada ce da rashin aiki da cika baki. Illa kuwa cikin masu kiran kansu "ande" yake, wato mawaƙan da ba su da ubangida. A ɗakinsa yake naɗar waƙa da gita da tsohuwar waya, ya toshe taga da katifa, in ka ce waƙarsa ta yi daɗi sai ransa ya ɓaci. Ni kuma sol nake yi. Wana Mamman ne ya bar mini tsofaffin kasa-kasai da zai tafi Abijan, na baƙaƙen Amirka masu jan murya kamar ana cire musu haƙori. Ban jin ko kalma ɗaya, amma na ji ciwon. Na koyi jan murya, na koyi girgiza ta, na koyi rufe ido (wannan na ƙarshen shi ya kashe ni).

Baba mai sayar da atamfa ne a kasuwa, kuma ya gaji da ni. Duk sa'o'ina sun tafi biɗa, neman kuɗi a ƙasashen waje, Mamman yana ta aiko saƙo cewa shagonsa na Abijan na buƙatar hannu, ni kuwa ina tsakar gida ina nishi da gita. Da bikin Rakiya ya matso sai Baba ya kira ni.

"Kawunka ya ce ka yi musu waƙa," in ji shi. "Ni ma zan zamna in ji. In waƙarka ta tada mutane, ka tsaya Tawa ka yi abinka. In ba ta tada kowa ba, ka bi wanka Mamman Abijan. Mun gama?"

Na ce mun gama. Har daɗi na ji, don a raina gani nake duniya ce kawai ba ta ji ni ba tukuna.

Sallau ya gargaɗe ni. "Biki na za ka, ba gidan radiyo ba. Ka kira sunan uwar amarya, ka wasa dangin ango, ka sa musu abin takawa. Ko in raka ka?" Na ɗaga hanci na ce ni ba maroƙi ba ne. (Allah ya jiƙan hancin nan, tun ranar bai sake ɗaguwa ba.)

Bayan kaka ne, an cika rumbuna, ƙauyen ya cika da baƙi. Mai kayan sautin da aka ɗauko daga Tawa motarsa ta mutu a hanya. Ni da ban san dawan garin ba sai na hango wata tsohuwar lasifika ɗaure a kan itacen bedi, ƙofar gidan mai gari, na nace a ja waya a haɗa mini ita. Wani dattijo ya ce, "Yaro, wagga ba ta biki ba ta." Na yi dariya na ce lasifika ai lasifika ce. Da yake ni baƙo ne, ɗan birni, kuma ɗan 'yar'uwar mai biki, aka ji kunyata aka haɗa.

Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne aikin lasifikar. Ba a kunna ta sai an yi rasuwa. Ita ce ke sanar da tungayen da ke kewaye, kuma saboda tsufanta magana ba ta isa can, amo kawai ke isa. Mutane sun saba, da sun ji ta sai su ajiye abin da suke yi su taho. Ga shi kuma kowa a yankin ya san kakan ango, Tsoho Alu, ya daɗe yana jinya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi. Aka ɗauko Tsoho Alu aka jingina shi da bango don ya sa albarka. Baba ya zauna a gaba, ya gyara hula. Na rungumi gita, na rufe ido, na fara da waƙata mafi tsada, wadda ke buɗewa da doguwar murya marar kalma, ta hau sama, ta karye, ta sauko tana rawa. Wuri ya yi tsit. Babu guɗa, babu tafi, na ce a raina ai na kama su. Na ƙara ja. Na gama ta na shiga wata, ido a rufe, har na fara jin motsin jama'a na ƙaruwa, ga ƙarar babura, ga jakuna, ga takun ƙafafu. Can na ji wata mata ta fashe da kuka. Wallahi hawaye ya zo mini, na ce yau Baba zai san abin da ya haifa.

Sai na buɗe ido.

Fili ya cika maƙil da mutanen da ba a gayyata ba. Maza sun yi layi, wasu da butoci, samari riƙe da diga da gatari na haƙar kabari. Mata sun lulluɓe kai suna shiga cikin gida suna salati, suna cin karo da ƙawayen amarya masu lalle. Wani malami daga tunga ya matso ya kama hannun ango ya ce, "Allah shi gafarta mai. Yaushe anka yi? An yi mai wanka?"

Daga jikin bango Tsoho Alu ya ɗaga sandarsa. "Wa za a yi ma wanka? Ni? Ga ni nan, Malam, ko fura ban gama sha ba!"

Wasu suka ja da baya, wata tsohuwa ta zube. Uwar amarya ta fito ba mayafi tana cewa an ja wa ɗiyarta mugun baki ranar aurenta. Rakiya ta yi kuka har kwalli ya wanke. Kawu kuwa dole ya ciyar da duk waɗanda suka zo, don ba a korar mai ta'aziyya, abincin da aka dafa wa dangin ango ya ƙare kafin a kai gare su. Ni ina zaune da gita a cinya, na rasa inda zan sa fuskata, kuma babu wanda ya zage ni. Da ma an zage ni, da na fi samun sauƙi.

A mota, da muka hango Tawa, Baba ya dube ni.

"Ka tada mutane," ya ce. "Wanga ba gardama. Gobe ka tahi ka yanki tikiti."

Na bar wa Illa gitar. Yanzu bokitai da kofunan roba nake sayarwa a shagon Mamman, in na yi ƙoƙarin raira wani abu a bayan kanta sai muryar ta maƙale. Sallau ya ce ya sa labarin a cikin rap, ana rawa da shi a bukukuwa.

Bara Tsoho Alu ya rasu da gaske. Aka kunna lasifika, aka yi ta shela, ba wanda ya zo daga tungaye. Cewa suka yi ɗan Tawa ne ya dawo. Sai da aka tura babur gida-gida ana rantsuwa kafin a samu masu ɗaukar makara.

Abin da na koya bai da yawa. In dattijo ya ce maka abu ba na biki ba ne, ka tsaya ka tambaye shi na mene ne. In kuma ka ji jama'a na taruwa kana waƙa, ka buɗe ido ka ga abin da suka riƙo a hannu.